Birkin jirgin sama, birkin babur, da fitar Daura

Mai Boxer: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kafin a shiga maganar fitar da za mu yi da babura zuwa Daura ina da tambaya ga Injiniya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua ya san ƙugin nan da jirgi ke yi da zarar tayoyinshi sun taɓa ƙasa, kamar ana ƙara mashi wuta maimakon a rage. Wai giyar ribas ce matuƙin ke sakawa? Kuma da gaske ita ke tsayar da shi, ba birkin taya ba?

Ɗan Daura: Wa alaikumus salam. Ribas ɗin ce mana. Abu mai nauyin tirela biyu da kayansu yana wannan gudu, wane birkin taya zai riƙe shi?

Injiniyan Jirgi: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa na Daura, ka kusa, amma ba nan gizo ke saƙar ba. A busasshen titi birkin taya ne ke yin mafi yawan aikin.

Mu ɗauki Boeing 737, tunda shi aka fi gani a filayenmu. Yana taɓa ƙasa da gudun kilomita 250 zuwa 270 a awa, nauyinshi ya kai tan 60 ko fiye. A wannan gudun fukafukan suna nan suna ɗauke da shi, tayoyin shafar kwalta kawai suke. In aka matse birki a haka ba abin da zai kama. Shi ya sa abu na farko da ke faruwa shi ne wasu alluna da ke kwance a saman fiffike su miƙe tsaye, ana ce masu sifoila. Wanda ya zauna kujerar taga kusa da fiffike yana ganinsu. Suna tare iska, amma babban aikinsu shi ne su kashe ɗagawar da fiffike ke yi, nauyin jirgin gaba ɗaya ya sauka kan tayoyi. Sai taya ta danne ƙasa sannan birki ke da amfani.

Ƙugin da kake ji, ƙanena Mai Boxer, ba injin ne ke juyawa baya ba. Jirgi ba shi da giyar ribas. Murfin injin ne ke zamewa baya, wasu ƙofofi a ciki su tare iskar da babbar fankar gaba ke turawa, su karkato da ita ta fito ta gefe tana fuskantar gaba. Matuƙi ya ƙara wuta, shi ne ƙarar. Wannan yana da ƙarfi ne lokacin da gudu ke da yawa. Da an sauko wajen kilomita 110 zuwa 130 a awa sai a fara mayar da shi, don ƙasa da haka iskar tana tayar da tsakuwa da ƙura injin ya zuƙe su. Daga nan har tsayawa birkin taya ne kaɗai. Masu farfela irin su ATR 72 kuwa juya fuskar ruwan farfelar suke, sai ta riƙa tura iska gaba.

737 yana da manyan tayoyi huɗu a ƙarƙashin fiffike, kowace da birkinta. Biyun da ke ƙarƙashin hanci ba su da birki, aikinsu sitiyari.

Baba Mai Vespa: To alhamdulillahi, Injiniya ya faɗa da bakinshi. Jirgi ba shi da birkin gaba. Abin da muke gaya wa yara ke nan tun tuni: birkin gaba kayar da mutum yake. Masu ƙera jirgi ma sun guje shi.

Malamin Kimiyya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa maka, don maganar rai ce. Ba gudun birkin gaba suka yi ba, inda nauyi yake suka bi. Kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyin jirgi yana kan manyan tayoyin nan, na hanci ɗan kaɗan suke ɗauka. Kuma jirgi dogo ne, tsakanin tayar hanci da manyan tayoyi ya wuce mita goma sha biyu, don haka ko an ja birki nauyin ba ya gudu gaba sosai. Babur gajere ne, tsakanin tayoyinshi bai fi mita ɗaya da kwata ba, ga mutum zaune a sama. Da ka rage gudu sai nauyi ya zube kan tayar gaba, ka ga shokozoba ta nutse, tayar baya ta yi sakayau. Tayar da ta yi sakayau ba ta riƙe ƙasa, ko ka tsaya kan fedar da ƙafa biyu ja kawai za ta yi. Wajen kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayar da babur a gaba yake. Ƙa'idar ɗaya ce da ta jirgi: a birka tayar da ke ɗauke da nauyi. A jirgi ta baya ce, a babur ta gaba.

Baba Mai Vespa: Malam, to waɗanda muke gani suna kifawa fa in sun damƙi na gaba? Ƙarya ido ke yi?

Malamin Kimiyya: Ido bai yi ƙarya ba, Baba. Kalmar da ka faɗa ita ce amsar: damƙa. Wanda ya fizgi hannun birki lokaci guda ya kulle tayar ne kafin nauyi ya iso kanta, daidai da a matse birkin jirgi kafin sifoila ta tashi. Yadda ake yi shi ne ka saki totur, ka ɗora yatsu ka ɗan matsa har ka ji gaban ya sunkuya, wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba, sannan ka ci gaba da matsawa da ƙarfi kamar mai matse lemun tsami. Ƙafa tana kan na baya a hankali. Kai a miƙe, ido a gaba, gwiwoyi sun riƙe tanki don kada nauyinka ya tafi kan hannuwa. Inda maganarka take daidai shi ne cikin yashi, ko kan burji mai tsakuwa, ko lokacin da kan babur ke karkace ana tafiya a hankali. A nan na baya ne sarki.

Oga Makanike: Malam ya gama magana. Ni abin da ke ci mani rai shi ne yawancin mashinan da ake kawowa gareji, musamman na kabu-kabu, birkin gaba ko dai an sassauta shi har hannun yana taɓa roba, ko wayar ta yi tsatsa ta ƙage don ba a taɓa ta. Ranar da akuya ta faɗo titi sai a nemi birki a rasa.

Masu Boxer da Jincheng da duk mai birkin dirom, ga abin dubawa. Hannun gaba ya yi wasan milimita 10 zuwa 20 a ƙarshenshi kafin ya fara kamawa. Fedar baya 20 zuwa 30. Da notin da ke ƙarshen waya ko sandar ake saitawa, rabin juyi rabin juyi, kana juya tayar da hannu don ka tabbata ba ta gogawa. Sannan ka matse birkin ka kalli ƙarfen nan da waya ke ja a jikin hob, wato cibiyar taya. In kusurwar da ke tsakaninshi da wayar ta wuce kusurwar bango, ko kibiyar da ke jiki ta kai alamar, shu, wato ƙarfen mai fata da ke goga cikin dirom, ya cinye. Kada ka ƙara ɗaure noti, kada kuma ka bari a cire ƙarfen a matsar da shi haƙori ɗaya don a ci sauran. Abin da ke biyo baya shi ne kam ɗin, ɗan ƙarfen da ke buɗe shu, ya juye ya tsaya a tsaye tsakanin shu biyu, taya ta kulle ta ƙi saki, kana kan gudu.

In an buɗe, fatar shu kada ta gaza milimita 2. In ta yi sheƙi kamar gilashi a goge ta da sanfefa, a goge cikin dirom ɗin ma. In mai ko giris ya taɓa ta, a jefar, wanki da fetur ba ya fitar da shi. Giris ɗan kaɗan a kan sandar kam kawai, kamar ƙwayar gero. Sifirin biyun a canza su tare da shu. Kuma don Allah a guji shu mai arha wanda fatar ke liƙe da gam marar kyau: in ya yi zafi fatar ɓallewa take ta cushe a ciki.

Mai Boxer: Oga, Allah ya saka. Zafin nan da ka ambata, har wane irin zafi ne? Injiniya, na jirgi ba ya narkewa?

Malamin Kimiyya: Bari in ba ka lissafi kafin Injiniya ya zo. Birki ba ya ɓatar da gudu, mayar da shi zafi yake. Jirgi mai tan 60 a gudun kilomita 250, in aka tara ƙarfin tafiyarshi aka mayar wuta, zai tafasa ruwa wajen lita 500, duro biyu da rabi ke nan, cikin kamar rabin minti. Babur da mutum biyu, a ce kilo 250, a gudun 80, zai tafasa kofin shayi guda. Kofi guda kamar ba komai ba, amma a cikin ɗan dirom mai faɗin tafin hannu yake shiga, kuma a rufe yake, iska ba ta ratsa shi. Yi haka sau goma a jere ka ji ƙauri.

Abin da ya fi muhimmanci: in ka ninka gudu sau biyu, zafin da nisan tsayawa sau huɗu suke ninkuwa. Babur mai birki mai kyau a busasshiyar kwalta yana cin wajen mita 20 daga gudun 60, wajen mita 36 daga 80, mita 80 daga 120. Wannan bayan ka kama birkin ne. Daƙiƙar da ka ɗauka kafin hannu ya motsa, a gudun 80, ta riga ta ci mita 22. Mai dirom da goyo a baya ya ƙara kusan rabin wannan nisan a kai.

Injiniyan Jirgi: Lissafin Malam daidai ne. Shi ya sa birkin jirgi ba faifai ɗaya ba ne irin na babur. Faifai ne huɗu ko biyar masu juyawa da taya, an jera su tsakanin wasu da ba su juyawa, kamar yadda faranten kulocin babur suke. Mai ne ke matse su, da ƙarfin psi 3,000 (psi ma'aunin matsi ne, irin na iskar taya). Boeing 787 ya bar mai ya koma lantarki. Faifayen a da ƙarfe ne, yanzu yawanci kabon ne, don ya fi sauƙin nauyi kuma ya fi jure wuta. Matuƙi da yatsun ƙafa yake takawa, saman fedar hagu na tayoyin hagu, na dama na dama. Akwai kuma na kai-tsaye: a 737 maɓallin yana da 1, 2, 3 da MAX, kafin sauka ake zaɓa, kwamfuta ta riƙe yawan ragewar gudun da aka nema.

Zafin kuwa ana tsoronshi ƙwarai. Tayar tana ɗauke da psi kusan 200, kuma naitirojin ake hura mata ba iskar mai faci ba, don kada zafi ya tayar da wuta a ciki. A jikin rim akwai wasu ƙananan toshe da aka yi da ƙarfe mai saurin narkewa. In zafi ya wuce ƙima sai su narke iska ta fita a hankali, taya ta kwanta maimakon ta fashe. Ma'aikaci ba ya tunkarar taya mai zafi ta gefe, sai ta gaba ko ta baya, don in rim ya tarwatse gefe yake watsuwa. A Airbus A320 ba a tashi in birki ya haura digiri 300, har fanka ake sa wa wasu a cikin taya don su huce da wuri. A zafin watan Afrilu irin na ƙasarmu kuwa abin ya fi tsanani: iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi yana taɓa ƙasa da gudu fiye da na lokacin sanyi, birkin kuma ya daɗe bai huce ba.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. In jirgi na tafiya a ƙasa zuwa wurin tsayawa, ana hana matuƙi ɗora ƙafa kan birki yana ja. Ana so ya bar gudun ya hau zuwa wajen kilomita 55, ya taka sau ɗaya da kyau ya sauko wajen 20, ya saki. Haka za ka yi a doguwar gangara da goyo: giya ta uku ko ta biyu, inji ya riƙe, ka kama birki da ƙarfi na ɗan lokaci, ka saki ya sha iska. Masu kashe inji ko sa firi a gangara don tsimin mai suna ɗora wa dirom aikin da ba zai iya ba. In dirom ya yi zafi buɗewa yake, ya yi nesa da shu, sai ka ji feda tana tafiya ƙasa ba kamu.

Ɗan Daura: To in ya yi zafin a watsa mashi fiya wata ɗaya mana a wuce.

Oga Makanike: A'a, ɗan'uwa, kada ka fara. Hob ɗin alminiyom ne, zoben cikin da shu ke gogawa baƙin ƙarfe. Ba tare suke hucewa ba. Ruwan sanyi kan mai zafi yana sa zoben ya karkace ko ya tsage, daga nan birki ya riƙa kamawa yana saki, kana jin feda tana bugun ƙafarka. Faifai ma lanƙwashewa yake. A tsaya a inuwa minti goma zuwa sha biyar, kuma mai faifai kada ya riƙe hannun birki a matse yana tsaye.

Masu manyan mashina, naku matsalar mai ce. Man birki na DOT 4 yana shan laimar iska. Sabo sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. In ya tafasa kumfa ke shiga layi, hannun ya tafi har roba ba komai. A canza duk shekara biyu, daga sabuwar kwalba da ba a buɗe ba. In ya koma kalar shayi ya wuce lokaci. Kada a haɗa da DOT 5, wannan silikon ne, ba su gauraya. Kada kuma wani ya ce zai samo maku man jirgi don ya fi ƙarfi.

Injiniyan Jirgi: Gaskiyar Oga. Na manyan jirage Skydrol ne, mai kalar shunayya. Cinye robobin babur zai yi, ya ɗaye fenti, ya ƙona ido.

Tunda an zo nan, ABS ɗin nan, na'urar hana taya kullewa, da ake alfahari da shi a sababbin mashina daga jirgi ya samo asali. Kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da wata na'ura mai suna Maxaret a farkon shekarun 1950 don hana tayar jirgi kullewa. A 1958 aka gwada ta a kan babur Royal Enfield a can Ingila, amma sai 1988 BMW ya fara sayar da babur mai ABS, wato K100. Aikin bai canza ba: na'ura tana auna juyin kowace taya, in ta ga ɗaya tana neman tsayawa alhali ana tafiya, sai ta sassauta mata ta sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Taya mai juyawa tana gab da kullewa ta fi wadda ta kulle riƙo, kuma ita ce ke karɓar sitiyari. A jirgi taya ta kulle na 'yan daƙiƙoƙi kawai ya isa ta cinye wuri guda har ta fashe.

Wanda ba shi da ABS, hannunshi ne na'urar. In tayar gaba ta kulle, za ka ji kan ya yi sakayau yana neman zamewa: saki nan take, sake kamawa a hankali. Ta baya kuwa in ta kulle har gindin babur ya fita gefe sosai a kan kwalta, sakinta farat ɗaya yana sa ta cafki ƙasa ta wurga mutum sama. Riƙe ta, ka miƙar da kai inda kake so, ka ci gaba da na gaba. Mai ABS shi kuma in ya ji hannun yana karkarwa kada ya tsorata ya saki, aikin ke nan ake yi.

Baba Mai Vespa: Na ji, kuma na karɓi rabin maganar. Amma yaran da ba su saba ba, kada su fara koyon birkin gaba ranar tafiya cikin ayari. Su sami fili mai kwalta da sassafe su gwada daga gudun 20, sai 30, sai 40, har hannu ya saba.

Malamin Kimiyya: Wannan kam ba musu, Baba. A sa dutse a matsayin alama, a riƙa auna taku nawa aka ci kafin tsayawa.

Jagoran Tafiya: Madalla. To mu dawo kan Daura, don duk abin da aka faɗa a kan hanya zai yi aiki.

Asabar nake ba da shawara. Juma'a akwai masallaci, Lahadi kuwa kasuwar Mai'aduwa ke ci, motocin shanu da na hatsi suna cika hanyoyin yankin tun daga jajibiri da yamma. Daga Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, ta Mashi da Shargalle. A gudun 60 awa ɗaya da minti ashirin ke nan, da tsaye-tsaye a ce awa biyu. Zuwa da dawowa da yawon cikin gari bai wuce kilomita 200 ba, lita biyar ta ishi Boxer, amma kowa ya cika tanki tun daren Juma'a don kada a tsaya neman mai a hanya. Haɗuwa a Ƙofar Durɓi bayan asuba, a kama hanya ƙarfe shida da rabi.

Ɗan Daura: Yallaɓai Jagora, a sake duba lokacin nan. Daura gabas take sak da Katsina. Wanda ya taso shida da rabi rana ce za ta zauna mashi cikin ido har Mashi, ba zai ga rami ba, ba zai ga fitilar birkin na gabanshi ba. Haka in aka baro Daura bayan la'asar sakaliya, yamma za a fuskanta, rana ta sake tarbar mutane. A tashi ƙarfe takwas, a juyo ƙarfe uku, a yi la'asar a Mashi, a shiga gida da sauran rana.

Jagoran Tafiya: Wallahi ka yi gaskiya. Takwas ɗin.

Tsarin jeri: kada rukuni ya wuce babur bakwai. In mun kai ashirin, rukuni uku ke nan, tsakanin kowane biyu a bar kamar minti biyu don mota ta sami inda za ta shiga in ta wuce. A cikin rukuni ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa. Na farko yana ɓangaren hagu na layinmu, na biyu a dama a bayanshi, na uku a hagu, haka har ƙarshe. Tsakaninka da wanda ke gabanka sak daƙiƙa biyu, tsakaninka da na gefe daƙiƙa ɗaya. A gudun 60 daƙiƙa biyu mita 33 ce. Ka kama wata bishiya ko turken wuta da ido, in na gabanka ya wuce ta ka ƙirga. A kwana, a gada, a cikin gari, ko inda kwalta ta farfashe, a koma layi ɗaya a ƙara tazara.

Masu dirom da masu goyo su ne a gaba, bayan jagora. Masu faifai da ABS a baya. Dalili: in babban mashin yana gaba ya damƙe ya tsaya cikin mita 20, Boxer da ke bayanshi yana buƙatar 30, sauran goman a jikin ɗan'uwanshi zai ci su. Na ƙarshe ya zama gogagge, shi ke ɗauke da kayan faci, famfo, tif biyu, fulogi, wayar kuloci da ta birki, mahaɗin kaca, sifana 10, 12, 14 da 17, da akwatin magani. Ba ya wuce kowa, in wani ya tsaya shi ma ya tsaya.

Wuce tirela ɗaya bayan ɗaya, kowa da idonshi. Kada ka bi na gabanka don ka ga ya fita, gibin da ya ishe shi ba lallai ya ishe ka ba.

Injiniyan Jirgi: Ƙari biyu, Jagora. Rage gudu da giya ba ya kunna fitilar baya. Wanda ya saki totur a gudun 70 ya sauko 50 da inji kawai, na bayanshi bai ga komai ba sai kusantowa. A riƙa ɗan taɓa hannun birki don ta haska, kuma kowa ya gwada cewa hannu da ƙafa duka suna kunna ta, don makunnin ƙafar yana yawan mutuwa. Jinkirin nan taruwa yake: in kowa ya makara da daƙiƙa ɗaya, na bakwai ya makara da shida.

Na biyu, matuƙi yana gama saita gudunshi tun yana sama, in ya ga abin bai daidaita ba sai ya ƙara wuta ya zagayo, ba ya cewa birki zai gyara a ƙasa. Kwana haka take. A gama birki babur yana miƙe, a shiga da gudun da za a iya fita da shi.

Mai Boxer: In ruwa ya tare mu fa? Har yanzu hadari bai gama janyewa ba.

Injiniyan Jirgi: A tsaya, musamman minti goma sha biyar na farko, lokacin da ruwa ke tayar da ƙura da baƙin mai da suka kwanta a kwalta. A jirgi akwai lissafin da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta fitar a 1963 na gudun da taya ke fara hawa kan ruwa ta bar ƙasa. Ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da iskar tayar, ka ninka da tara. Taya mai psi 200, lambar 14 ce da ɗan kai, sau tara 127, a ma'aunin gudun jirgi da ake kira not, wato kilomita 235 a awa. Jirgi yana sauka sama da haka, shi ya sa ake tsaga wa titin jirgi ƙananan layuka a gicciye don ruwa ya gudu, kuma a irin wannan ranar ribas ɗin da Ɗan Daura ya ambata ke zama abin dogaro, tunda shi bai damu da riƙon taya ba. Lissafin na tayar jirgi ne, amma darasin ya shafe mu: ƙarancin iska yana sa taya ta hau ruwa da wuri. Masu rage iska wai don taya ta kama a ruwa suna yin akasin abin da suke nema.

Oga Makanike: Iska a auna da geji taya tana sanyi, ba da bugun yatsa ba. Ƙananan mashina wajen 25 a gaba, 28 a baya, 32 in da goyo, amma a duba takardar da ke liƙe jikin mariƙin tayar baya. In an ratsa ruwa a kwalbati, dirom ya jiƙe ba ya kamawa, a ɗan ja birki a hankali na mita ɗari ya bushe. Sannan bayan ruwa yashi ke kwanciya a gefen titi da cikin kwana, ga kashin shanu inda garke ke tsallakawa. Duk wanda ya hango ya nuna da ƙafa ta ɓangaren da abin yake, na baya ya miƙa.

Baba Mai Vespa: Ni da za a bi tawa, da an biya Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Makwantan sarakunan Katsina na dauri suna can, yaranmu da yawa ba su taɓa gani ba. Kuma yanzu ne lokacin hanyar nan: gero ya yi kai, dawa ta fi mutum tsawo, kuka tana da ganye, gawo kuwa ya kaɗe nashi yana jiran rani. In hunturu ya shigo hazo zai rufe komai, sai ƙura.

Ɗan Daura: Baba, Durɓi ta cancanci rana tata daban. In aka haɗa ta da Daura za a yi ta gaggawa ne, kuma gaggawa ita muke gudu. A Daura kaɗai akwai rijiyar Kusugu, inda za a ji tarihin Bayajidda da Daurama a sha ruwan, ga ƙofar fadar Sarki, ga fura da nono kafin azahar. Mai son ganin ruwa akwai dam ɗin Daberam, amma duk inda za a sauka daga kwalta a koma layi ɗaya, giya ta biyu, birkin baya, kada a taɓa na gaba cikin yashi.

Baba Mai Vespa: To a sa Durɓi a fita ta gaba, kafin a gama girbi.

Jagoran Tafiya: An sa, Baba. Saura magana mai nauyi. A halin da jiharmu take ciki, ayarin babura ashirin abin firgita ne ga mutanen ƙauye da jami'an tsaro, kuma suna da hujja. Shi ya sa ba mu fuskantar yamma, wajen Jibiya, Batsari ko Safana, sai Allah ya kawo sauƙi. Ko a hanyar Daura ma za a kai takarda ofishin 'yan sanda kafin ranar, da yawanmu da lambobin mashina. Kowa da hular kwano, riga mai ƙyalli, katin shaida da takardun babur. Ba rufe fuska da rawani, mai gudun ƙura ya sa gilashin hula. In an hango shinge, jagora zai ɗaga hannu tun daga nesa, a koma layi ɗaya, a sauko gudun 20, a buɗe gilashi, jagora kaɗai ya yi magana. Cikin gari ba a murɗa totur, ba a ɗaga taya, masu fasasshen salansa su gyara ko su zauna gida.

Mai Boxer: Oga Makanike, in aka sa sabon shu ranar Juma'a zai yi?

Oga Makanike: Bai yi ba, ƙanena. Sabon shu ba ya kwanciya daidai da dirom sai ya ɗan ci, da farko gefe-gefe kawai yake taɓawa, birkin ya fi tsohon rauni. A sa shi tun Talata ko Laraba, a yi tsayawa kamar ashirin daga gudun 40 zuwa 10, ana barin tazara tsakani don ya huce, a yi yawon gari da shi kwana biyu. Ranar Juma'a a dawo a sake saita notin, don wasan zai ƙaru, a duba kaca ta yi wasan milimita 20 zuwa 30, a tabbata fil ɗin da ke riƙe sandar hob ɗin baya yana nan.